Abin da Na Cire Daga Akwatin Likkafaninki

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Adiza, wadda unguwar Nima ta sani da Mma Mai Masa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ni'imar da ta fi duk wadda muka iya ba ki a gidan haya mai ɗaki biyu. Na san babu mai kai wasiƙa inda kike. Na kuma san ko da kina raye ba za ki karanta ta da kanki ba, sai dai ki miƙo mini ki ce in karanta, kina tsayar da ni kina gyara mini magana. Duk da haka na zauna rubutawa, domin akwai alkawarin da na yi miki, kuma ina shirin karya shi. Ban ga ya dace in yi haka ba sai na fara sanar da ke.

Gida lafiya, gwargwadon yadda gidanmu ya saba zama lafiya. Rufin ɗakinki yana nan yana zuba a kusurwar da kika sani, mai gida yana nan yana cewa bayan sallah. Ni ma ina nan a maɗaba'ar New Town, ina gyara kurakurai a katin biki da takardun sanarwar mutuwa na mutanen da ban taɓa gani ba. Gemuna ya yi fari fiye da yadda kika bar shi shekara huɗu da suka wuce. Har yau ba a daina kirana da sunan da kika laƙaba mini ba, Malam Takarda.

Maganar Rabi ce, Mma.

Autarki ta gaji ɗakinki, ta gaji kaskon masarki da kujerarki ta bakin titi, ta gaji taurin kanki cikakke, ko ƙwaya ɗaya ba ta bar mini ba. Shekara biyu bayan tafiyarki cikinta ya fara ciwo. Da farko murɗa ce da yawan fita. Sai jini ya biyo baya. Kin san yadda ake yi a nan. Wannan ya ce atini ne, aka sayo maganin atini. Wancan ya ce basir ne, aka kawo jarka uku na jiƙo mai ɗaci daga hannun wani mai shela da lasifika a kasuwar Laraba. Wata ƙawarta ta ce ido ne ya kama ta saboda cinikinta ya fi na kowa a layin. Rabi ta sha duka, ba ta raina na kowa ba. Ciwon yakan lafa mako biyu, sai mai magani na ƙarshe ya ɗauki yabo, sannan ya dawo ya fi da.

Ba sai na tuna miki cewa gidanmu ba shi da bayan gida ba. Daga ƙofarmu zuwa na jama'a, sai an bi lungu, an tsallake kwata biyu, an wuce benci na masu shayi. Mai lafiya yakan yi wannan tafiya sau ɗaya da safe ya manta. Rabi ta kai tana yin ta sau goma sha biyu a yini, da buta a hannu, tana gaida mutane a hanya kamar ba komai. Wani lokacin ta tarar da layi. Ba zan rubuta abin da ya faru ranar da layin ya yi tsawo ba. Ta dawo ta shige ɗaki, kwana uku ba ta kunna wutar masa ba.

Ranar da ta faɗi a bakin kasko muka kai ta babban asibiti. Ta zama kamar tsinke, idonta fari fat. Aka yi mata ƙarin ruwa, aka yi mata ƙarin jini, leda ɗaya daga jikina, abin da har gobe take cewa shi ya sa ta fara yawan surutu. Bayan gwaje-gwaje aka zura wata siririyar na'ura mai kyamara aka duba hanjinta. Likitar, wata mace mai ƙaramin jiki da ba ta ɓata magana, ta kira ni ta nuna mini hoton. Cikin babban hanjin ja wur, duk ya kumbura ya yi gyambo.

Ta ce ba tsutsa ba ce, ba atini ba ne, ba kuma wani abu da ta ci ba. Jikinta ne da kansa yake yaƙar hanjinta, garkuwar da aka halitta don ta kare ta ita ce ta juyo kanta. Ciwon yana tashi, yana kwanciya, amma ba ya barin gidan. Ta ce da an ƙara jinkiri da maganar tiyata ake yi, a yanke hanjin.

Magani iri biyu ta ba ta. Na farko mai ƙarfi ne, na kwantar da abin da ya riga ya tashi. Shi ne ya kumbura mata kumatu har matan layi suka riƙa yi mata barka da ƙiba. Wannan an rage shi sannu a hankali har aka daina. Na biyun kuwa wasu ƙwayoyi ne masu ruwan ɗorawa, sulfasalazin sunansu, tare da wata ƙaramar ƙwaya ta gina jini. Su ba sa yin abin a zo a gani. Aikinsu su hana kumburin sake tashi. Ana shan su safe da yamma, bayan an ci abinci, a bi da ruwa mai yawa, ana komawa gwajin jini lokaci zuwa lokaci. Ana shan su ranar da ciki ke ciwo. Ana kuma shan su ranar da ba ya ciwo, kuma wannan ranar ce ta fi muhimmanci.

Na tambayi likitar, har yaushe? Ta ce mai yiwuwa har iyakar rai.

Ga laifina na farko, gara in faɗa miki da kaina. Rabi tana kwance a gadon, ba ta da ƙarfin bin dogon Turanci, ta dube ni ta ce me ta ce? Na kalli fuskarta. Na ce mata an ce za ki sha na ɗan lokaci mai tsawo. Ni da ake biyana don in kama harafi ɗaya da ya kauce, na ɗauki jimla guda na lanƙwasa ta da gangan, saboda ba na son in ga ƙanwata tana kuka a gaban baƙuwa.

Maganin ya yi aiki, Mma. Da kin gan ta da kin yi guɗa. Jinin ya tsaya. Tafiyar lungu ta koma sau ɗaya, wani lokacin biyu. Ta mayar da jikinta, ta koma kan kujerarki tana faɗa da masu neman gyara. Ni kuwa na karanta takardar da ke cikin kwalin maganin daga sama har ƙasa, gaba da baya, har da ƙananan rubutun da ba a yi su don a karanta ba. Na san abin da zai iya yi wa ƙoda da abin da zai iya yi wa fata. Na san bai kamata ta haɗa da magungunan ciwon jiki da ake sayarwa a faranti ba, domin suna tayar da ciwon. Na zama masani. Abu ɗaya ne ban karanta ba, shi ne halin gidanmu.

Kin tuna gwangwanin biskit mai shuɗin murfi da ke kan kabad ɗinki? Yana nan. Kin tuna ƙa'idarki? Duk wanda ya kwanta ciwo a gidan nan ya tashi, Juma'ar da ta biyo baya sai ki soya masa ta sadaka a raba wa maƙwabta da masallaci. Ragowar maganinsa kuma ki zuba a gwangwanin, don wani bawan Allah da ba shi da halin zuwa kemis. Rabin mutanen Nima sun sha daga gwangwanin nan. Mai ciwon kai ya zo, mai ciwon haƙori ya zo, ki zazzage a tafin hannu ki zaɓa masa da launi. Farare na zazzaɓi, jajaye na ƙarfin jiki. Yadda ba ki kashe kowa ba, wannan yana cikin hujjojina na cewa Allah yana son ki.

Kuma kina da maganarki da kike rakawa da ita. Kikan ce, "Magani baƙo ne. Ya zo, ya yi aikinsa, a raka shi ƙofa. Wanda ya warke yana ta shan magani, ciwo yake kira, kuma bai gode wa Allah ba." Na ji ki kin faɗa wa Baba kafin ya rasu, kin faɗa wa 'yan haya, kin faɗa wa wata nas a fuskarta. Yau a Nima akwai matan da ba su iya kawo hadisi ɗaya da isnadinsa ba, amma wannan magana sukan kawo ta da cewa Mma Mai Masa ce ta faɗa.

Wata biyu da suka wuce, wata Juma'a, Rabi ta aiko mini da masa a kwano mai murfi. Na tambayi dalili, aka ce sadaka ce. Na ci shida da zuma. Na sa albarka. Ban tambayi sadakar mece ce ba. Mutum mai karatu irina, da ya ga masa sai ilminsa ya tafi hutu.

Baba Issaka ne ya buɗe mini ido. Kin san shi, tsohon nan da ke zaune a ƙofar bayan gidan jama'a tun muna yara, yana miƙa wa masu shiga yankakkiyar jarida. Makon jiya ya tare ni a lungu, ya ja ni gefe kamar zai ba ni wasiyya. Ya ce fitsarinsa ya koma launin lemu, yau kwana uku, yana ganin lokaci ya yi, in taimaka in rubuta wa ɗansa a Bawku. Na tambaye shi ko ya sha wani abu. Ya ce ba komai, sai wasu ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa da Rabi ta ba shi daga gwangwani saboda cikinsa na ƙugi.

Na san abin da takardar kwalin ta ce game da launin fitsari, don haka na kwantar masa da hankali. Na ce ya daina sha, ba nasa ba ne, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar irinsa ko kaɗan, kuma shi ya yi sa'a da abin ya tsaya a launi. Ya yi hamdala. Sannan, da Hausarsa ta Zango da ba ta raba mace da namiji, ya ce, "To Malam, shi ƙanwarka fa? Ni ba na sa ido a kan kowa, amma aikina ne zama nan. Jiya ya zo sau biyar kafin la'asar. Yau ya zo huɗu, azahar bai yi ba. Na ce ya riƙa wucewa gaba, kar ya bi layi."

Mma, daga nan wurin Rabi na nufa. A asibiti likita na tambayar mara lafiya sau nawa ya fita, ya yi mata ƙarya. A Nima ba a buƙatar tambaya, akwai mai ƙirgawa a bakin ƙofa.

Na same ta tana wanke kasko. Na lura ta ɗaura zani biyu, irin na mai gudun tabo ya nuna. Na lura da yadda take dafa gefen cikinta na hagu idan ta miƙe. Na ɗauko gwangwanin na buɗe, ga ƙwayoyinta a ciki, an ɓare su daga katinsu, sun gauraya da na zazzaɓi da na tari. Na yi mata bayani da duk ilmin da na tara. Na gaya mata gaskiyar abin da likita ta ce, na amsa laifin lanƙwasa maganar. Na ce lafiyar da ta ji wata shida, ƙwayoyin nan ne ke riƙe da ita, ba tafiyar ciwon ba ce.

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Yaya, kai da takardunka. Wake ne na ci shekaranjiya." Na ce wake ba ya kawo jini. Ba ta musa ba, wannan ya tabbatar mini da abin da nake tsoro. Can ta ce, "So kake in zauna ina haɗiyar ƙwaya safe da yamma kamar wadda ke jiran mutuwa? In ce wa Allah ban yarda ya warkar da ni ba? Mma ta kai shekara saba'in da wani abu a duniya tana suya a bakin wuta, ka taɓa ganin ta da maganin kullum?"

Na ɗauki murfin gwangwanin. Na rufe.

Amma na gani, Mma. Ni kaɗai na gani.

Yanzu ga abin da na yi miki rantsuwa a kansa. Shekara goma sha ɗaya kafin rasuwarki, wata safiya jiri ya ɗebe ki a bakin kasko, kika ce hayaƙi ne. Kika kira ni, ba Rabi ba, kika ce in raka ki gaisuwar wata ƙawa a unguwar Madina. Muka hau trotro, motar hayar nan tamu. Babu wata ƙawa. Wani ƙaramin asibiti ne da kika zaɓa saboda babu mutumin Nima da zai gan ki a can. Aka ɗaura miki abin awo a hannu, aka sake ɗaurawa, ma'aikacin ya kira wani ya zo ya duba. Hawan jini. Aka ce ƙwaya ɗaya kowace safiya, ba fashi, har abada.

Muka kamo hanyar dawowa har muka kusa sauka. Kika kama hannuna kika ce, "Garba, idan wani ya ji, ban yafe ba." Na ce ba wanda zai ji. Kika ce in ce wallahi. Na ce wallahi, a cikin trotro, kwandasta na ihun Nima, Nima a kanmu.

Daga ranar, duk ƙarshen wata ni ne mai zuwa Madina, in wuce kemis goma sha a hanya, in sayo a can. Matata ta taɓa zargin ina da wata a Madina. Na gwammace zargin da in faɗi gaskiya. Nakan kawo miki a cikin jarida a naɗe, ki karɓa ki ce, "Malam Takarda ya kawo mini labarin duniya," kowa ya yi dariya saboda an san ba kya karatu.

Kuma kin san inda za ki ɓoye. Ba a gwangwani ba, ba ƙarƙashin katifa ba, Rabi na share nan. A cikin akwatin ƙarfen da kika ajiye likkafanin da kika zo da shi daga Makka, wanda kika wanke da zamzam. Wa zai buɗe akwatin likkafanin tsohuwa tana raye? Kowace asuba bayan salla kikan buɗe shi. Rabi ta ɗauka tuna mutuwa kike yi, har tana ba mutane labarin tsoron Allahnki. Ban ce babu tsoron Allah a ciki ba. Amma akwai ƙwaya da kofin ruwa.

Shekara goma sha ɗaya, ba ki tsallake kwana ɗaya ba. Da azumi kikan sha da sahur. Ki haɗiye ta da asuba, da hantsi ki zauna a kujerarki ki gaya wa matan unguwa cewa magani baƙo ne. Na sha tsayawa ina kallonki kina faɗa, ki kalle ni ido cikin ido, ko ƙiftawa babu. Ban taɓa ganin mai ƙarfin hali irinki ba, kuma ban taɓa sanin ko yabo ne wannan ko ƙorafi ba.

Ranar da kika rasu, da hantsi, gida ya cika da mata. Aka ce a ɗauko likkafani. Kafin Rabi ta tashi na riga ta, na ce ni na san inda makulli yake. Na shiga na rufo ƙofa. Ga farin yadin a ninke, yana ƙamshin turarenki, ga katin maganin a cikin ninkin farko. Gurbi bakwai babu komai, ƙwaya uku sun rage. Ta safiyar ranar ma kin sha. Na zura shi a aljihun rigata na fito da yadin. Da shi a aljihu na yi miki salla, da shi na sauka cikin kabarin na karɓe ki. Duk sunkuyon da na yi sai in ji ledar na ƙara, ina tsoron na kusa da ni zai ji. Mutane sun ɗauka kuka ne ya sa nake dafe ƙirji.

Yana nan a wurina, a cikin wani ƙamus da na tabbata babu mai buɗewa a gidana.

Na daɗe ina tunanin me ya sa kika ɓoye. Da ina cewa girman kai ne. Yanzu da na tsufa kaɗan, ina ganin tsoro ne. Ke ce kika riƙe mu bayan Baba, da kasko ɗaya. A unguwar da kowa ke ƙirga tafiyar kowa, mace mai sayar da abinci ba ta son a ce mai ciwo ce. Kuma kin riga kin faɗi maganarki shekaru da yawa, ta yi miki girma, ba ki san ta inda za ki janye ta ba. Ban zarge ki ba. Amma ga 'yarki nan ta ɗauki abin da kika faɗa ta bar abin da kika yi, domin abin da kika yi ni kaɗai kika bari ya gani.

Mako guda ke nan ba na iya gyara shafi ɗaya ba tare da na koma kansa sau uku ba. Shekaranjiya na bar sunan mamaci da kuskure a takardar sanarwa, abin da ban taɓa yi ba. Ina zaune ina ganin hoton nan ja da likitar ta nuna mini. Ina tuna nauyin Rabi ranar da na ɗauke ta zuwa tasi, yadda ba ta kai buhun gero rabi ba. Ina tuna kalmar tiyata. Duk wayar da ta yi ƙara sai in yi wuf in duba ko labarin Rabi ne. Na fara bi ta lungun Baba Issaka safe da yamma ba don ina da buƙata ba, shi kuma sai ya ɗaga mini yatsu. Jiya shida ya ɗaga.

Na je wa liman da tambaya, ban faɗi suna ba. Na ce mutum ne ya yi rantsuwa zai rufe wani sirri, yanzu rufewar na neman cutar da rai. Ya ce ya karya, ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Wannan mai sauƙi ne, masar Rabi ma ta isa. Abin da liman ba zai iya warware mini ba shi ne kalmarki ta cikin trotro. Kaffara tana tsakanina da Allah. "Ban yafe ba" tana tsakanina da ke.

Wannan takarda a waya zan sa ta, kowa ya gani. Za ki ce, to in ka matsu, me ya hana ka ja ta ɗaki ka gaya mata a kunne, sai ka baza ni a waya duniya na karantawa? Na yi tunanin haka. Kin san Rabi. In na faɗa mata mu biyu, za ta ce na ƙirƙira ne don in ci gardama, ta ce katin na matata ne. Ba ni kaɗai take jayayya da shi ba, bayanta akwai matan layi gaba ɗaya, masu zuwa cin masa suna ce mata ta yi daidai, haka Mma ta koyar. Muddin suna faɗin haka, ko ta yarda a zuci ba za ta iya haɗiyar ƙwaya a gabansu ba, sai ta nemi nata akwatin. Ni kuwa ba na son a sake samun mai ɓoye magani a gidanmu. Na san kafin magariba wata za ta karanta wannan da ƙarfi a bakin kasko. Ciwon Rabi ba sirri ba ne, lungu ya riga ya sani. Naki ne sirrin, kuma shi kaɗai ne abin da ya rage mini da zai iya motsa ta.

Don haka ga shi na faɗa. Hajiya Adiza Mai Masa ta sha maganin kullum shekara goma sha ɗaya tana cikin ƙoshin lafiya, kuma ba ta fasa gode wa Allah ba ko sau ɗaya. Ni ne shaida, ni ne ɗan aike.

Na kira likitar, ta ce in kawo Rabi jibi Alhamis da safe. Ta ce kada Rabi ta koma kan ƙwayoyin da kanta kawai tunda jini ya dawo, sai an duba ta, wataƙila sai an sake kwantar da abin da mai ƙarfin kafin a mayar da ita kan na kullum. Ta ce kada a wuce makon nan. Ba ta yi faɗa ba, ta ce ba Rabi ce ta farko ba. Gobe Laraba, bayan ta tashi daga kasuwa, zan je ɗakinki. Ba zan kai takarda ko ɗaya ba. Zan zauna a tabarma in ciro katin nan mai gurbi bakwai da ƙwaya uku in ajiye a gabanta. Har yanzu yana ƙamshin turarenki, ita kuma ta fi ni sanin wannan ƙamshin.

Ban san abin da za ta yi ba. Tana iya yin kuka. Tana iya korata, ta ce na tona asirin uwarmu a kasuwa, ta daina yi mini magana har sallah. Na yarda da wannan, in dai ranar Alhamis za ta shiga tasi, ko da ba za ta kalle ni ba har mu isa.

Mma, ke kika san yadda ake lallashinta. Ke kika san abin da kike ce mata tana ƙarama idan ta ƙi buɗe baki. Ni ban iya ba, karatu kawai na iya. Da kina nan, na san da kin ga zani biyun nan da kin tashi da kanki kin buɗe akwatin a gabanta, ki bar matan layi su faɗi abin da za su faɗa. Ba ki taɓa fifita sunanki a kan ɗayanmu ba, sai dai ba a taɓa sa ki zaɓa ba. Da wannan nake lallashin kaina.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata makwancinki, ya sanya hasken da kika riƙa tashi da shi kowace asuba ya zame miki abokin zama. Allah ya karɓi masar da kika ciyar, ya yafe miki gwangwanin. Allah ya kwantar wa Rabi da abin da ke cikinta, ya sassauta zuciyarta gobe, ya ba ta haƙurin ƙwaya safe da yamma na shekaru masu yawa, har ta tsufa a kujerarki tana faɗa da jikoki. Ni kuma Allah ya sa ki janye kalmar nan.

Ki yafe mini, Mma. Na riƙe shekara goma sha biyar.

Ɗanki mai zuwa Madina,
Garba